Idan binciken kuɗin inshora ya cije, me ake rubutawa a fayil?

Mafi yawan mutanenmu a Sakkwato inshorar mota suka sani, wadda ake biya sau guda a karɓi takarda a ajiye cikin mota, ba a sake waiwayarta sai baɗi. Akwai kuma wata irin inshora da 'yan kwangila, masu masana'antu, masu makarantu da asibitocin kuɗi da manyan 'yan kasuwa ke ɗauka, wadda ba a sanin ainihin kuɗinta sai shekara ta ƙare. Dalili kuwa shi ne ana auna kuɗin ne da wani abu mai hawa da sauka, kamar jimillar albashin ma'aikata, ko yawan cinikin shekara, ko darajar kayan da ke cikin sito wata bayan wata, ko yawan kayan da motoci suka yi dako. Ranar ƙulla yarjejeniya babu wanda ya san waɗannan alƙaluma, don haka sai a yi ƙiyasi, a biya kuɗi a kansa a matsayin kafin alƙalami. Idan wa'adi ya cika sai kamfanin inshora ya aiko mai bincike ya duba littattafai, ya gwada ƙiyasin da abin da ya faru a zahiri. In an biya ƙasa da abin da ya kamata a kawo ciko, in an biya fiye da kima a mayar wa mai shi rararsa.

Misali zai sa a fi ganewa. A ce wani ɗan kwangila ya ƙiyasta a farkon 2024 cewa zai kashe naira miliyan 24 a kan albashi da ladan leburori, kamfanin inshora kuma ya yanka masa naira 2 a kan kowace naira 100, ya biya 480,000. A watan Yulin shekarar aka ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya daga naira 30,000 zuwa 70,000, ya ƙara wa mutanensa, sannan ya sami sabon aikin gini ya ɗauki ƙarin hannu. Da shekara ta ƙare sai ga shi ya kashe miliyan 40. Kuɗin inshorarsa na gaskiya 800,000 ne, ke nan ana binsa cikon 320,000, domin tsawon shekarar kamfanin yana ɗauke da haɗarin mutanen da suka fi waɗanda aka biya dominsu. Da aikin ne ya ja baya ya sallami rabin ma'aikata, shi ne zai bi kamfanin bashi.

Dokokinmu ma a kan albashi suka kafa ma'auni. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, kuma jami'an hukumar suna da ikon neman ganin takardun albashi. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta inshorar rai ta ma'aikata wadda ba ta gaza ninki uku na jimillar albashin ma'aikaci na shekara ba. Sashe na 50 na dokar inshora ta 2003 kuma, wadda sabuwar doka ta maye gurbinta a 2025, ya ƙunshi ƙa'idar nan ta cewa sai an biya kuɗi kariya take tabbata, ƙa'idar da NAICOM, hukumar da ke sa ido kan harkar inshora a Najeriya, ta tsananta aiki da ita daga farkon 2013. Tun daga lokacin maganar ciko ta daina zama abin da ake bari sai an ga hali.

Duk wannan bayani ne na yadda abin yake idan komai ya tafi daidai. Abin da ya dame ni shi ne binciken da aka fara ko aka yi niyyar farawa, amma bai kai ƙarshe ba, da kuma abin da ake bari a rubuce game da shi. Sau da yawa layi guda ake rubutawa, cewa mai inshora bai ba da haɗin kai ba, a sa hannu a rufe fayil. Wannan layin yana da nauyin da mai rubuta shi ba ya ji a lokacin, domin a kansa za a gina ƙiyasin ciko, a kansa za a yanke ko a sabunta yarjejeniya ko a ƙi, kuma shi za a zaro ranar da aka zo neman diyya.

Na taɓa ganin irin wannan da idona. Wani dattijo ɗan kwangila ya kira ni in taya shi duba wata takardar neman ciko da ta zo masa, kuɗin da ke cikinta ya kusa ninka abin da ya biya tun farko. Na same shi a ofishinsa, ɗaki guda da fanka da kabad ɗin ƙarfe, ya baje takardu a kan tebur ya danne su da kofin shayi don kada iska ta kwashe. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Malam, wallahi ni ban hana kowa littafi ba." Muka nemi kwafin abin da kamfanin ya rubuta ta hannun dillalin inshorarsa, sai ga shafi guda, kwanan wata biyu, da kalmomin nan na rashin haɗin kai. Da muka bi diddigi sai muka tarar cewa zuwan farko ranar Juma'a ne bayan ƙarfe ɗaya, akawu ya riga ya tafi masallaci, maigadi kaɗai aka samu. Na biyun kuma wasiƙa ce da aka aika tsohon adireshin da ya bari shekara biyu da suka wuce. Littafin ladan leburori kuwa, irin littafin nan na 'yan makaranta mai bango mai kauri, yana hannun mai kula da aiki a wani ƙauye a gabashin jihar, inda a lokacin ba kowa ke yarda ya bi hanyar ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya shiga fayil. Ban ɗauka mai binciken ya yi da mugun nufi ba. Yana da fayil da yawa a gabansa da wa'adin da aka ɗibar masa, ya rubuta abin da ya fi sauƙin rubutawa. Amma sakamakon ya faɗa kan mutumin da bai ma san ana nemansa ba.

Saboda haka abu na farko da fayil zai fayyace shi ne dalilin cijewar aikin, kuma dalilan ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai wanda ya ƙi, ya san an zo, ya san abin da ake nema, yana da shi, ya hana, galibi don ya san ƙiyasin da ya bayar ya yi ƙasa ƙwarai da gaskiya. Akwai wanda ya kasa, kuma a nan ne yanayin ƙasarmu yake shigowa. Wanda littattafansa suka ƙone a gobarar da ta tashi a babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021 ba shi da abin nunawa ko da yana so. A watan Satumban shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro, don haka duk mai binciken da ya rubuta a lokacin cewa ya yi ta kira ba a ɗaga ba, ya kamata ya rubuta inda wanda ake kiran yake. Akwai mai kamfanin da ya rasu, magada suka rufe ofis har sai an yi rabon gado. Akwai akawun da ya bar aiki da rikici ya tafi da kwamfutar da lissafin ke ciki. Akwai kamfanin da ya durƙushe aka watse. Sannan akwai jinsi na uku da ba a cika son rubutawa ba, wato inda gazawar daga kamfanin inshora ne ko mai bincikensa take, kamar aika wasiƙa inda ba a nan ake ba, ko saɓa alƙawarin zuwa, ko ƙin tafiya wurin da littattafai suke. Ba laifi ba ne mai bincike ya ƙi bin hanyar da ake tare mutane, rai ya fi lissafi, amma sai ya rubuta cewa shi ne bai je ba kuma ga dalili, kada ya juya abin ya zama kamar an hana shi.

Bayan dalili sai tarihin ƙoƙarin da aka yi, kuma a nan ne ya kamata a fi ɓata tawada. Kowane yunƙuri na da ranarsa da lokacinsa da hanyar da aka bi, ko zuwa da ƙafa, ko kiran waya, ko wasiƙa, ko saƙon imel ko na WhatsApp. A rubuta da wa aka yi magana da matsayinsa a wurin, domin gaya wa maigadi ko yaron shago ba daidai yake da gaya wa manaja ko akanta ba, kuma wanda ba shi da ikon buɗe kabad ba za a ce ya ƙi buɗewa ba. A rubuta ainihin takardun da aka nema ɗaya bayan ɗaya, na wane wata zuwa wane wata, maimakon a ce an nemi "takardun lissafi" a dunƙule, domin sau da yawa mai kasuwanci yana da abin da ake so amma bai san shi ake nufi ba. A rubuta wa'adin da aka ba shi, da abin da aka gaya masa zai biyo baya idan wa'adin ya wuce. Maganar waya kuwa iska ce, in ba a bi ta da rubutaccen saƙo a ranar ba wanda ke maimaita abin da aka tattauna, bayan wata shida kowa zai tuna ta yadda ta fi masa daɗi. Idan wasiƙa ce, a ajiye shaidar wanda ya karɓa da sa hannunsa. Idan ta dawo ba a karɓa ba, a ajiye ambulan ɗin kansa. Idan saƙon waya ne, a ɗauki hotonsa da kwanan watansa a sa a fayil, kada a bar shi cikin wayar ma'aikacin da gobe zai iya canja wurin aiki.

A Amurka, inda irin wannan bincike ya zama sana'a mai zaman kanta, an mayar da wannan tarihin ƙoƙari sharaɗi. Hukumar NCCI, wadda ke tsara ƙa'idojin inshorar diyyar ma'aikata a yawancin jihohin ƙasar, ta fito da wata tara ta ƙin yarda da bincike da ta fara aiki a farkon 2017, wadda a jihohi da dama kan kai ninki biyu na kuɗin inshorar da aka ƙiyasta na shekara. Sai dai kamfani ba ya ɗora ta sai ya kasance an liƙa sharaɗin a jikin yarjejeniya tun ranar ƙulla ta, an yi yunƙuri biyu na samun bayanan, a kowane yunƙuri an faɗi takardun da ake so da yawan tarar da za ta biyo baya, kuma an rubuta duk wannan a fayil. Idan daga baya mai inshora ya buɗe littattafansa aka kammala binciken, ana mayar masa da tarar ko a cire ta daga abin da ake binsa. Wannan dokarsu ce, ba ta hau kan kowa a Najeriya ba, kuma ban ga hikimar ɗauko tara mai nauyi haka a ɗora wa ɗan kasuwar da har yanzu ake lallashinsa ya yarda da inshora ba. Abin ɗauka a ciki shi ne tsarin, cewa hukunci ba ya hawa sai da rubutacciyar shaidar an sanar, an bayyana, an ba da dama.

Wani wuri da ake yawan tafka kuskure shi ne binciken da aka yi rabinsa. Ba kasafai mai bincike ke komawa hannu rabbana ba. Yakan ga albashin ma'aikatan dindindin, domin ta banki ake biyansu, ya rasa ladan leburorin da ake sallama da tsabar kuɗi kowace yamma, ko ya ga lissafin sito na wata tara ya rasa na uku. A irin wannan hali dole ne fayil ya raba abu uku, kada ya cakuɗa su cikin jimilla guda: abin da mai bincike ya gani da idonsa a takarda, abin da aka gaya masa da baki bai ga shaidarsa ba, da abin da shi ya ƙiyasta. Idan aka haɗe su aka fitar da adadi ɗaya, wanda zai karanta daga baya zai ɗauka duka an tantance, alhali wataƙila kashi ɗaya cikin uku hasashe ne. Kafin ma a kai ga ƙiyasi akwai wuraren da ake iya samun gaskiya ta bayan gida, kamar takardun harajin albashi da aka kai hukumar tara haraji ta jiha, jadawalin kuɗin fansho da aka tura, rasit ɗin NSITF, bayanan asusun banki, da takardun kwangilar da ke nuna girman aikin. Mai binciken da ya nemi waɗannan ya rubuta ya nema, ya kuma rubuta wanne ya samu.

Ƙiyasin kansa kuma sai an nuna yadda aka yi shi. Idan an ɗauki matsakaicin watannin da aka gani aka shimfiɗa a kan waɗanda ba a gani ba, a faɗa, a kuma yi la'akari da cewa kasuwancinmu na da kaka da rani. Sito ɗin mai sayen albasa daga Goronyo ko Wurno ba ya cika iri ɗaya duk shekara, kuma aikin gini yakan ja baya da damina, don haka wanda ya auna watannin da aiki ya yi zafi ya ɗora a kan na zaman jira ya zalunci mai kaya, wanda ya yi akasin haka kuma ya cuci kamfani. Idan an ɗauki alƙaluman bara aka ƙara wani kaso, a faɗi kason da hujjarsa. Takardar neman ciko da za a aika ita ma ta faɗa a sarari cewa a kan ƙiyasi aka gina ta, tare da bayanin abin da mai inshora zai kawo, da zuwa yaushe, don a sake lissafi.

Harshen rubutun ma abin lura ne. Mai bincike shaida ne a kan abin da ya gani da abin da ya ji, bai ga zuciyar kowa ba. Rubuta cewa manaja ya ce littafin yana wurin aiki kuma ya yi alƙawarin kawo shi ranar Litinin, Litinin ta zo bai kawo ba, bayani ne da kowa zai iya gwadawa. Rubuta cewa manaja yana ɓoye littattafai zargi ne, kuma in maganar ta kai gaban alƙali za a tambayi mai rubutun hujjarsa. Idan akwai abin da ya sa shi shakka, kamar ya ƙirga mutum arba'in a wurin aiki alhali jadawali ya nuna goma sha biyar, ya rubuta abin da ya ƙirga da ranar da ya ƙirga, ya bar adadin ya yi magana.

Amfanin duk wannan wahala yana fitowa ne ranar da abu ya faru. Lebura ya faɗo daga bene, ko wuta ta cinye sito, iyali ko mai kaya suka zo neman diyya, sai kamfani ya buɗe fayil ya ga shekarar da ta wuce ba a kammala bincike ba. Idan abin da ke ciki layin nan guda ne, ƙofar jayayya ta buɗe, kamfani zai ce an ɓoye masa girman haɗarin, mai inshora zai ce ba a taɓa tambayarsa ba, kuma sashen karɓar ƙorafi na NAICOM ko kotu ba su da abin riƙewa sai maganar wannan da ta wancan. Wanda ke jinya ko marayun da aka bari su ne za su zauna jira. A tsarin takaful, wato inshorar da aka gina bisa ƙa'idojin Musulunci, wanda mutanenmu da dama suka fi natsuwa da shi tun bayan da NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, abin ya ƙara nauyi, domin gudummawar da ake zubawa ta shiga asusun mahalarta ne, daga ciki ake biyan wanda masifa ta samu, kuma rarar da ta saura ana iya raba musu. Wanda ya zuba ƙasa da abin da ya hau kansa haƙƙin 'yan'uwansa mahalarta ya taɓa, wanda aka karɓi fiye da kima a hannunsa bisa ƙiyasi maras tushe shi ma haƙƙinsa aka taɓa. Cikon da ba a daidaita ba bashi ne a kan ɗayan ɓangarorin biyu, kuma duk wanda ya yi karatu a zaure ya san aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Shi ma mai inshora kada ya bar rubutun a hannun kamfani kaɗai. Ya buɗe nasa fayil, ya ajiye duk saƙon da ya zo da amsar da ya bayar, in ya miƙa takarda ya karɓi sa hannun wanda ya karɓa, in ya sauya ofis ko lambar waya ya sanar a rubuce. Dokar kamfanoni ta ɗora wa kamfani mai rajista ajiye littattafan lissafinsa na shekara shida, don haka "mun zubar" ba amsa ba ce mai ƙarfi. Idan takardu sun salwanta ta hanyar gobara ko sata, rahoton hukumar kashe gobara ko na 'yan sanda shi ne zai raba shi da wanda ya ƙi da gangan. Wanda ke ba ƙananan 'yan kwangila wani sashe na aikinsa kuma ya karɓi shaidar inshorarsu tun kafin su fara, domin in babu ita ana iya lissafa mutanensu cikin nasa. Takardun albashi na ɗauke da sunaye da lambobin asusun mutane, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi duk mai riƙe da su, saboda haka kwafin da mai bincike ya ɗauka a rubuta me ya ɗauka da inda aka ajiye shi.

Rufe irin wannan fayil bai kamata ya zama aikin mai binciken shi kaɗai ba. Wani na sama da shi ya karanta, ya tabbatar an yi yunƙurin da ya kamata kuma an aika saƙo inda ya dace, kafin a fitar da takardar ciko, a kuma aika wa dillali kwafi tunda shi ne ya fi sanin inda zai sami mutuminsa. A jikin fayil a rubuta matsayinsa da kalmomi marasa harshen damo, ko ba a fara ba, ko an yi wani sashe, ko an rufe a kan ƙiyasi, tare da sharaɗin sake buɗewa. A maganar dattijon da na ambata, wannan sharaɗin muka nema a rubuce. Bayan mako uku mai kula da aikin ya shigo gari da littafin leburori a cikin leda, muka zauna da mai binciken muka bi shi shafi bayan shafi, aka haɗa da bayanan banki. Ciko ya hau kansa, domin lallai ya ɗauki ƙarin mutane a shekarar, amma bai kai rabin abin da aka nema da farko ba, kuma ya biya a makon. A sabon shafin da aka ƙara a fayil an rubuta ranar da littafin ya iso, watannin da ya ƙunsa, da watanni biyu da ruwa ya ɓata shafukansu, waɗanda aka bari a matsayin ƙiyasi da sa hannun ɓangarorin biyu.